Laimar Iska da Ganin Jinjirin Wata a Zangon Akra

Laima ruwa ce da ke cikin iska a matsayin tururi, kuma ido ba ya ganinta. Farin hayaƙin da ke tashi daga tukunyar mai koko da asuba, da hazon safiya, da gajimare, duk ɗige-ɗigen ruwa ne da suka riga suka taru. Laima kuwa tana nan ko da gari ya yi garau. Mazauna Kotobabi da Nima da Mamobi a birnin Akra sun san ta a jikinsu da kayansu: wanki ya wuni a igiya bai bushe ba, takalmin fata ya yi fumfuna a ƙarƙashin gado, kwanon rufi ya ci tsatsa tun bai tsufa ba, ashana ta ƙi kamawa. Akwai kuma wani aikinta da ba a cika dangantawa da ita ba. Duk yammacin ranar 29 ga Sha'aban ko ga Ramadan, lokacin da mutane ke hawa bene suna duban yamma, laimar nan ce ke tsaye tsakanin idonsu da jinjirin wata.

Yawan ruwan da ke cikin iska

Tururin da zai iya zama cikin iska yana da iyaka, kuma zafi ne ke yanke iyakar. A ɗauki akwatin iska mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, tsayin mita ɗaya. Idan ma'aunin zafi yana kan digiri 10, tururin da zai zauna a ciki bai wuce giram 9 da 'yan kai ba. A digiri 20 ya kai giram 17, a digiri 30 giram 30, a digiri 40 kuwa ya haura giram 50. Ke nan duk digiri ɗaya da aka ƙara, iyakar tana ɗagawa da kimanin kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari. Ƙa'idar da ke bayan wannan lissafi tana ɗauke da sunan mutum biyu, Clapeyron Bafaranshe da ya fara rubuta ta a 1834, da Clausius Bajamushe da ya gyara ta a 1850.

Idan mai karanta hasashen yanayi a rediyo ya ce laima ta kai kashi 80, abin da yake nufi shi ne iskar ta ɗauki kashi 80 na iyakarta a wannan zafin. Rana irin ta Akra, mai zafin digiri 30 da laima kashi 80, kowane akwatin iska yana riƙe da giram 24 na ruwa. Ɗaki mai mita 4 a tsaye, 4 a kwance, rufinsa mita 3, yana da akwati 48, wato ruwan da ke yawo a cikinsa ya zarce lita ɗaya, fiye da leda biyu na ruwan sha da ake sayarwa a bakin titi. Ɗaki irinsa a Kano cikin Fabrairu, zafi ɗaya amma laima kashi 15, ruwan da ke cikinsa bai cika rabin leda ba.

Idan iska ta yi sanyi, iyakarta tana sauka, har ta zo daidai da ruwan da ke cikinta. Daga nan duk ƙarin sanyi sai ruwa ya fito. Iskar Akra da aka ambata tana kaiwa wannan gaɓa a digiri 26, saukar digiri 4 kacal. Ta Kano sai ta kusa sanyin ƙanƙara. Shi ya sa kwalbar lemo da aka ciro daga firji a Nima take jiƙe hannu nan take, na'urar sanyaya ɗaki kuma take ɗigar da ruwa har a sa mata bokiti.

Hausa takan ce raɓa ta sauka, kuma mutanen duniya da dama sun daɗe suna zaton daga sama take zubowa. Wani likita a Landan, William Charles Wells, ya kwashe darare yana ajiye ulu da ma'aunin zafi a kan ciyawa, ya buga sakamakonsa a 1814. Ya nuna cewa ciyawa da ƙarfe da gilashi suna sakin zafinsu zuwa sama da dare har su fi iskar da ke kewaye da su sanyi, sai tururin iskar ya kwanta a kansu. Abin ya fi ƙarfi a daren da babu gajimare kuma iska ta tsaya cak. To, wannan shi ne daidai daren da mai kallon taurari yake nema, don haka a bakin teku yakan kafa madubinsa na hangen nesa, kafin ya yi sa'a guda gilashin ya yi gumi.

Ƙafewar ruwa tana cin zafi, kimanin jul 2,400 ga kowane giram a zafin jikin mutum. Da wannan zufa take sanyaya fata, da shi randa take sanyaya ruwa ta ƙofofin yumɓunta. Amma sai iska tana da wurin da za ta karɓi tururin. A zafin digiri 35 da laima kashi 15, ƙafewa za ta iya sauko da ruwa zuwa wajen digiri 18. A iskar Akra ba za ta wuce 27 ba. Dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Malam Muhammad Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ta samo masa kyautar Rolex a shekarar 2000, tana ajiye tumatir da alayyahu kwanaki a Dutse, amma da za a kawo ta Kotobabi ba za ta yi abin kirki ba. Randar da tsohuwa ta yo tsaraba da ita daga arewa ta ce ta daina sanyi, ba randar ce ta lalace ba.

Abu na ƙarshe a nan shi ne gishiri, kuma shi ya fi muhimmanci ga zancen wata. Gishirin miya yana zama busasshe matuƙar laima ba ta kai kashi 75 ba. Da ta haura haka sai ya fara jan ruwa daga iska, ya dunƙule, ya jiƙe, in aka bar shi a buɗe ya narke. Duk mai girki a zango ta san dalilin da take rufe kwalbar gishiri da kyau.

Yadda aka koyi auna ta

Ma'aunin farko sikeli ne. Wajen 1450 Nicholas na Cusa ya ba da shawarar a ɗora ulu a gefe ɗaya, duwatsu a ɗayan, in ulun ya sha laima ya rinjaya. A 1783 Horace de Saussure na Janeba ya yi amfani da gashin mutum wanda aka wanke maiƙonsa: silin gashi yana ƙara tsawo da kusan kashi 2 da rabi cikin ɗari tsakanin busasshiyar iska da jiƙaƙƙiya, sai ya ɗaura shi a allura mai nuna lamba. Masu kitso ba su buƙaci Saussure ya gaya musu cewa gashi yana jin yanayi ba, amma shi ne ya mayar da abin lamba. A farkon ƙarni na 19 John Dalton ya nuna cewa tururi yana da nasa matsi, ba ruwansa da sauran iskar da yake ciki, kuma zafi kaɗai ke yanke masa iyaka. Sannan a 1825 Ernst August a Jamus ya daidaita hanyar da tashoshin yanayi suka yi ta amfani da ita har zuwan na'urorin lantarki: ma'aunin zafi guda biyu, ɗaya a bushe, ɗaya an naɗe gindinsa da jiƙaƙƙen tsumma. Bambancin da ke tsakaninsu shi ke faɗin laima. Randa ce dai aka ƙanƙanta.

Aikin Dalton da na waɗanda suka biyo shi ya warware wani zato. Ana cewa iskar damina ta yi nauyi, alhali a sikeli iska mai laima ta fi busasshiya sauƙi, domin ƙwayar tururi nauyinta 18 ne, matsakaicin na iska kuwa 29. Nauyin da ake ji na zufar da ta ƙi bushewa ne.

Akra: ruwan sama kaɗan, laima da yawa

Baƙon da ya zo daga Kano ko Maraɗi yakan ɗauka Akra garin ruwa ne. Ba haka ba ne. Ruwan da ke sauka a Akra a shekara yana tsakanin milimita 700 da 800, bai fi na Kano ba, wajen rabin na Kumasi, kuma bai kai rabin na Axim da ke yammacin gaɓar ba. Dalilan sun haɗa da yadda gaɓar teku ta kwanta kusan layi ɗaya da iskar kudu maso yamma, da kuma ruwan sanyi da ke tasowa daga ƙasan teku tsakanin Yuli da Satumba, wanda ke sanyaya iskar ƙasa ya hana ta tashi ta zama hadari. Saboda haka watan Agusta a Akra yakan zo da sanyi-sanyi da lumshi, sama a rufe amma ruwa kaɗan. Babbar damina daga Afrilu zuwa Yuni take, ƙaramar kuma a Satumba da Oktoba.

Laima dai tana nan kusan duk shekara, matsakaicinta wajen kashi 80, da asuba ta haura 90, da rana ta ɗan sauka. Teku kilomita kaɗan ne daga Nima, iskarsa kuwa tana shigowa kowace rana da hantsi ta ci gaba har dare. Hutun da ake samu shi ne na hunturu, tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da iskar arewa maso gabas ke ture ta teku na wasu kwanaki, ta zo da ƙurar da mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi take tasowa.

Wannan gaɓar ta shiga tarihin kimiyyar yanayi da wuri. A 1781 wani likita na Liverpool, Matthew Dobson, ya buga bayanin hunturu a mujallar ƙungiyar masana ta Landan. Shi kansa bai zo ba. Labarin ya samo shi ne daga Robert Norris, dillalin bayi da ya daɗe yana zirga-zirga a gaɓar, wanda ya ba da labarin katako na tsagewa, bangon littafi na lanƙwashewa ko da yana cikin akwati, ya kuma auna yadda ruwa ke ƙafewa. Kalmar da Turawa ke kiran hunturu da ita ma daga harsunan Akan na wannan gaɓar suka are ta. Daga 1829 kuma 'yan Denmark da ke gidan Christiansborg a Osu sun yi shekaru suna rubuta yanayin kowace rana. Ilimin ya amfani duniya, amma hannun da ya fara tattara shi ba mai tsabta ba ne.

Abin da haske ke gamuwa da shi a hanya

Tururin ruwa shi kaɗai ba ya tare hasken da ido ke gani sai ɗan kaɗan. Da laima tururi ce zalla, da sararin Akra ya yi tas. Matsalar daga ƙananan ƙwayoyin da ke shawagi a iska take. Duk lokacin da igiyar teku ta fashe a Osu ko Jamestown, kumfa yana watsa ɗigon ruwan gishiri, iska ta kwaso shi zuwa cikin gari. Ga hayaƙin motoci, da na gawayi, da na ƙona shara, wanda da yawa daga cikin ƙwayoyinsa su ma masu jan ruwa ne. Abin da ke faruwa a kwalbar gishiri shi ke faruwa a sama: laima ta haura kashi 75, kowace ƙwaya ta sha ruwa ta kumbura, faɗinta ya kusa ninkawa. Ƙwaya mai faɗi ninki biyu tana tare haske wajen ninki huɗu, ta kuma watsa shi ko'ina. Shi ya sa sararin bakin teku yakan yi fari-fari kamar an zuba madara a ruwa, musamman can ƙasa kusa da inda sama ta haɗu da rufin gidaje. John Aitken ɗan Sikotilan ne ya nuna a 1880 cewa tururi ba ya zama hazo ko gajimare sai ya sami irin waɗannan ƙwayoyi ya kwanta a kansu.

Jinjirin wata kuwa can ƙasan yake tsayawa. Wata yana zagayowa daga haihuwa zuwa haihuwa cikin kwana 29 da rabi, yana nisantar rana da kimanin digiri 12 a kowace rana. Wanda ya miƙa hannunsa ya dunƙule shi, dunƙulen yana rufe wajen digiri 10 na sama. Jinjirin kwana ɗaya, ke nan, bai fi dunƙule ɗaya da ɗan ƙari daga rana ba, kuma ɓangarensa mai haske kashi 1 ne cikin ɗari na fuskar wata. A Akra, wadda ke digiri 5 da rabi arewa da tsakiyar duniya, rana da wata kusan a miƙe suke faɗuwa, digiri ɗaya a duk minti 4. Idan wata yana digiri 10 a sama lokacin da ladan ya kira magariba, nan da minti 40 ya faɗi. A farkon mintocin sama ta cika haske, a ƙarshensu wata ya nutse cikin dauɗar iska. Abin da ya rage wa mai duba ɗan tsakani ne, wajen minti 15 zuwa 25 bayan faɗuwar rana, lokacin da watan yake digiri 4 zuwa 6.

Hasken tauraron da ke tsakar ka yana ratsa kaurin iska sau ɗaya. Wanda ke digiri 10 yana ratsa kwatankwacin kauri 5 da rabi, na digiri 5 kauri 10, wanda ke daf da faɗuwa kuwa kusan 38. A nan ne ƙaramin bambanci yake zama babba. A ce iska mai tsabta tana cinye kashi 17 na haske a kowane kauri: bayan kauri 10, kashi 15 ko 16 ne zai iso ido. A ce ta bakin teku mai gishiri da hayaƙi tana cinye kashi 37: bayan kauri 10 abin da zai iso kashi 1 ne. Wata ɗaya, yamma ɗaya, amma mai kallo a Kotobabi da ke hangen ta kan Alajo da Abeka yana samun kashi ɗaya cikin goma sha biyar na hasken da takwaransa ke samu a fili mai busasshiyar iska, sannan bangon da watan ke jingine da shi ya fi fari. Sau da yawa ba a ga wata a Akra ba ko da babu gajimare ko ɗaya, kuma babu laifin idon kowa.

Iska tana kuma lanƙwasa haske. A bakin faɗuwa tana ɗaga rana da fiye da rabin digiri, wanda ya ɗan zarce faɗin ranar kanta. Ranar da ake gani ta taɓa teku, a haƙiƙa ta riga ta shige.

Masu lissafin tsayuwar wata

Mutanen Babila sun lura da jinjirin wata tun kafin Musulunci da ƙarnoni, kuma gare su ake jingina ƙa'idar cewa in wata ya jinkirta minti 48 bayan rana, za a gan shi. Malaman falaki na Musulmi sun gaji wannan ta hanyar littattafan Indiya, suka zurfafa shi domin ibada ta rataya a kai. Alkhawarizmi a Bagadaza, zamanin Halifa Ma'amun wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833, ya tsara jadawalin ganin wata. Albattani, wanda ya yi aiki a Raƙƙa ya rasu a 929, ya shigar da kaurin jinjirin da nisan wata daga duniya cikin lissafin. Ibn Yunus ya yi nasa awon a Alƙahira har rasuwarsa a 1009.

Wanda ya fi kusa da zancen laima shi ne Ibn Mu'az, alƙalin Jayyan a Andalus cikin ƙarni na 11. Ya tambayi kansa me ke kawo hasken alfijir da shafaƙi alhali rana tana ɓoye, ya amsa cewa tururi ne da ke tashi daga ƙasa yake cafke hasken rana a can sama. Ya ɗauka alfijir yana ketowa lokacin da rana take wajen digiri 19 a ƙasa, ya haɗa da girman duniya, ya fitar da cewa tururin yana kaiwa mil 50 da 'yan kai, wato fiye da kilomita 80. Yau an san kusan duk ruwan iska yana cikin kilomita 10 zuwa 15 na ƙasa, kuma iskar kanta ce ke watsa hasken a can sama, amma tsayin da ya samu bai yi nisa da gaskiya ba. Turawa sun fassara littafin zuwa Latin, suka yi ƙarnoni suna jingina shi ga Ibn Haisam, sai a 1967 aka mayar wa mai shi haƙƙinsa.

Ƙasar Hausa ba a bar ta a baya ba. Muhammad ɗan Muhammad Alfulani Alkashinawi, Bakatsine masanin lissafi da taurari, ya koyar a Alƙahira ya rasu a can a 1741 a gidan Hasan Aljabarti, wanda shi ma malamin falaki ne. Malaman zaure kuma sun riƙe lissafin manzilolin wata 28, kowane da kwana 13, suna sanin shigar damina da fitarta da sunaye irin su Surayya, wadda manoma ke kira Kaza da 'Ya'yanta, da Zira'a da Jabha. Ba tauraron ke kawo ruwa ba, fitowarsa ce ke dacewa da lokacin da iskar teku ke isa arewa. Lissafin an gina shi ne a kan damina ɗaya ta ƙasar Hausa, don haka fataken da suka biyo hanyar goro zuwa Salaga, 'ya'yansu suka gangaro Kumasi da Akra, sun tarar da yanayi mai damina biyu wanda taurarin ba su yi masa daidai ba.

A zamanin nan Fotheringham ya fitar da ƙa'ida a 1910 daga bayanan ganin wata da Julius Schmidt ya tara a Atina. André Danjon ya nuna a shekarun 1930 cewa in nisan wata da rana bai kai wajen digiri 7 ba, jinjirin ba ya ganuwa sam. Mafi ƙuruciyar watan da aka tabbatar an gani da ido kawai yana da sa'a 15 da rabi. Muhammad Ilyas a Maleshiya, da Bernard Yallop a Ingila a 1997, da Muhammad Auda a Jodan, sun tsara taswirorin da yau ake turawa ta waya kafin azumi. Sai dai mai karanta taswirar a Nima ya kamata ya san abu ɗaya: mafi yawan bayanan da aka gina ta a kansu daga wurare masu tsabtar iska aka samo su. In ta ce za a ga wata a Gana, tana nufin in iska ta bari. Lissafi yana iya faɗin inda wata zai tsaya shekara ɗari nan gaba, amma ba ya iya faɗin laimar yammacin jibi. Akwai kuma kuskure ta ɗaya ɓangaren. A gwaje-gwajen da Doggett da Schaefer suka shirya a Amurka daga 1987 zuwa 1990, wajen kashi 15 na masu duba sun ce sun ga wata a inda ba zai yiwu a gan shi ba, ba don ƙarya ba, sai don siririn gajimare ko hayaƙin jirgi yakan yi kama da abin da ido ke ɗokin gani. Binciken shaidu da malamai suka shar'anta yana da tushe a nan.

A Gana, kwamitin hilali na ƙasa ne ke tattara rahoto daga yankuna, ofishin Babban Limamin ƙasa, Shaikh Usman Nuhu Sharubutu, ya sanar. In ba a gani ba a cika wata kwana 30, kamar yadda shari'a ta tanada ga ranar da sama ta rufe. Ba abin mamaki ba ne mutanen zangon Akra su zuba kunne ga garuruwan arewa irin su Tamale, Wa da Bawku, inda iska ta fi bushewa kuma yamma take a buɗe. Gana tana da wata riba ma: rana tana faɗuwa a Akra wajen sa'a 2 da minti 40 bayan Makka, kafin nan wata ya ƙara fiye da digiri ɗaya.

Shekarar hijira kwana 354 ce, tana ja baya da kwana 11, tana zagaye yanayi cikin shekara 33. Daga 2015 zuwa 2017 azumi ya kama a ƙarshen Mayu da Yuni, tsakiyar ruwan Akra. A 2025 ya kama a farkon Maris, a 2030 kuma zai zo sau biyu, a Janairu da ƙarshen Disamba. Shekarun nan, ke nan, abokin hamayyar mai duba ƙurar hunturu ce, wadda ke rage laima amma takan shafe rana tun kafin ta kai ƙasa, kuma ta fi tsanani a arewa. Sama mafi kyau a arewa ita ce ta kaka, bayan ɗaukewar ruwa kafin zuwan ƙura. A Akra kuwa ita ce ta yammacin da aka yi ruwa mai ƙarfi da rana ya wanke iska, hadarin ya wuce.

Gudun laima zuwa kan duwatsu

Newton ya riga ya yi hasashen cewa maganin rawar da taurari ke yi a madubi shi ne a hau dutse mai tsawo. Charles Piazzi Smyth ya gwada a 1856, ya ɗauki kayan aikinsa zuwa dutsen Tenerife, ya ga taurarin da ba ya gani a Edinbara. Daga nan manyan gidajen kallon taurari suka fara ƙaura. Wani dalili ya ƙaru bayan William Herschel ya gano a 1800 cewa akwai hasken zafi da ido ba ya gani a bayan ja, John Tyndall kuma ya nuna wajen 1860 cewa tururin ruwa yana shanye wannan hasken ƙwarai. Da za a matse duk tururin da ke bisa Akra ya zama ruwa, zurfinsa zai kai santimita 4 ko 5 a yawancin shekara. A tudun Chajnantor na hamadar Atakama a Chile, mita 5,000 bisa teku, inda aka kafa faifai 66 na na'urar sauraren sararin samaniya ta ALMA, sau da yawa bai kai milimita 1 ba. Ko a irin waɗannan wurare, in laima ta doshi kashi 90 ana rufe rumfar madubi don kada raɓa ta kwanta a kai.

Gana ta bi ta wata ƙofa. A Kuntunse, kimanin kilomita 25 arewa maso yamma da Akra, akwai faifai mai faɗin mita 32 da aka kafa a 1981 domin sadarwa ta tauraron ɗan Adam. Da wayoyin ƙarƙashin teku suka karɓe aikin, injiniyoyin Gana da na Afirka ta Kudu suka mayar da shi na'urar sauraren sararin samaniya, Shugaba Nana Akufo-Addo ya buɗe shi a Agusta 2017. Yana aiki a zangon gigahaz 5 da 6.7, igiyoyin rediyo masu tsawon santimita 6 da 4 da rabi, waɗanda ke ratsa laima da gajimare ba tare da asara mai yawa ba, dare da rana. A 6.7 ne iskar metanol da ke kewaye da manyan taurarin da ake haifa take fitar da siginarta. Kusancin wurin da tsakiyar duniya yana ba shi damar ganin kusan dukkan sama, ta arewa da ta kudu.

Duk da haka laima ba ta sake shi gaba ɗaya ba. Idan aka haɗa Kuntunse da faifan Turai ko na Afirka ta Kudu su saurari abu ɗaya lokaci guda, ana gwada lokacin isowar sigina a kowane wuri, tururin da ke bisa Gana kuwa yana jinkirta ta kamar an ƙara wa hanyar santimita 25 zuwa 30. Dole masu falaki su auna wannan jinkiri su cire shi. Irin jinkirin nan yana samun siginar GPS ma, kuma masu hasashen yanayi suna karanta shi daga tashoshin ƙasa domin su san yawan ruwan da ke rataye bisa gari kafin hadari ya haɗu.